Ranar da Sitiyari Ya Daki Zuciyata

Ni na fito da yaron shagona daga cikin motar da hannuna. Ni kuma na tsaya a bakin titi ina ɗaga wa motoci hannu har aka samu masu tsayawa. Shi ya sa duk wanda ya gan ni a daren nan sai ya ce, "Alhaji, kai kam Allah Ya tsare, ko ƙwarzane babu." Ni ma haka na ɗauka.

Daga Kaduna muka taso, lokacin hunturu, hazo ya rufe ko'ina. Mun wuce Zariya bayan Magariba, muna dab da Kwanar Dangora, sai ga tirela tsaye a kan hannunmu, ba fitila, ba ko ganyen nan da ake zubawa a baya don mai zuwa ya ankara. Na take birki, amma kafin tayoyi su kama mun riga mun isa. Bel ɗina kuwa, kamar yadda da yawanmu muke yi, ta bayan kujera na zagaya da shi na maƙala don motar ta daina yi mini ƙara. Motar 'yar Kwatano ce, balan-balan ɗin nan da ke fitowa daga sitiyari bai fito ba. Ƙirjina ne ya karɓi dukan gaba ɗaya, har sitiyarin ya lanƙwashe. Numfashina ya ɗauke na ɗan lokaci, ya dawo, na ji kamar an ɗora mini buhun siminti. Amma yaron yana gefe, gilashi ya tsaga masa goshi, jini ya wanke masa fuska, to wa zai tsaya ta kansa?

Wani bawan Allah ya kira 122, jami'an kiyaye haɗurra suka zo suka kwashe mu zuwa wani ƙaramin asibiti da ke kusa. Nan aka rufu a kan yaron, aka yi masa ɗinki bakwai. Ni ina zaune kan benci ina amsa waya. Da aka gama da shi, wani ma'aikaci ya tambaye ni inda ke mini ciwo, na nuna tsakiyar ƙirji. Ya danna, na yi ƙara, ya ce buguwa ce, in samu a yi mini hoton ƙirji gobe in na isa Kano. Ba a kama hannuna an ƙirga bugun jini ba, ba a ɗaura mini abin awo ba. Ba na riƙe su a raina sosai, mutum biyu ne kacal a bakin aiki, wuta ma babu sai fitilar waya. Kuma ɗabi'armu ce duka, likita da majinyaci: wanda jininsa ke zuba a gani shi ne mai ciwo, wanda ya shigo da ƙafarsa kuwa mai rakiya ne.

Na isa gida wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Maiɗakina ta dafa ruwa ta gasa mini ƙirji da tawul, ta shafa man zafi, wai kada jini ya kwanta. Mai kyamis na layinmu ya zo ya yi mini allurar kashe ciwo. Maƙwabcina da ya ji ina cewa ƙirji, ya ce a nemo asfirin, shi ake ba masu ciwon zuciya. Allah Ya sa ba a samu a gidan ba. Wani dattijo kuma ya ce da safe a kai ni wajen mai ɗori ya duba haƙarƙari.

Allurar ta rage ciwon, amma barci ya ƙi zuwa. Ina kwance ina jin zuciyata kamar tsuntsu a keji. Ta yi ta gudu, sai ta yi kamar ta tsaya, sai ta buga da ƙarfi har cikin maƙogwaro. Na ce wa kaina firgita ce, ai wanda ya ga abin da na gani dole gabansa ya faɗi.

Da asuba ƙanwata ta zo jaje. Nas ce, ta shekara goma sha biyu tana aiki. Ko zama ba ta yi ba ta kama wuyan hannuna tana duban agogo. Na ga fuskarta ta sauya.

"Yaya, tun yaushe kake jin haka?"

Na ce tun dare.

"Ɗaga rigarka."

Akwai shatin sitiyari a ƙirjina, rabin da'ira, ya fara yin baƙi-baƙi. Ta ce bugun ya kai 124 a minti ɗaya alhali ina kwance, na mai lafiya kuwa tsakanin 60 da 100 yake, kuma nawa yana tsallake. Ta ce in sa hula mu tafi. Na ce sai na karya. Ta ce, "Yaya, don girman Allah tashi. Ba a gasa wannan da ruwan zafi."

A sashen gaggawa na babban asibitin da ta kai ni, abin da ya fara ba ni mamaki shi ne tambayoyin likitan. Matashi ne, da ƙyar ya kai sa'ar ƙanena na uku. Bai fara da inda ke mini ciwo ba, sai ya fara da motar. Ni ke tuƙi? Gudun nawa nake? Na ɗaura bel? Sitiyarin ya lanƙwashe? Na suma ko ban suma ba? Wane magani aka ba ni? Har na fara ƙosawa, na ce a raina wannan likita ne ko ɗan sanda. Daga baya ya yi mini bayani cewa yadda haɗarin ya auku shi ke nuna musu inda za su nemi rauni. Zuciya tana zaune ne tsakanin ƙashin ƙirji ta gaba da ƙashin baya. Idan mota ta tsaya cak jiki kuma bai tsaya ba, sai a matse ta tsakanin ƙasusuwan biyu. Cikin ɗakuna huɗu da zuciya ta kasu, na dama na ƙasa shi ne ya fi kusa da ƙashin ƙirji, don haka shi ya fi shan dukan. Ya ce naman zuciya yana dakuwa ya yi jini a ciki kamar yadda cinya ke yi idan an buge ta, sai dai ita cinya kana iya hutar da ita.

Aka auna jinina, 105 bisa 70. Aka maƙala mini wani abu a yatsa mai nuna yawan iskar da ke cikin jini. Ya sa abin sauraro a ƙirjina dama da hagu, ya ce huhu biyun suna shan iska. Ya juya kaina gefe yana duban wuyana da ɗan tocila, a lokacin ban san abin da yake nema ba. Sai ya jawo na'urar sikanin, irin wadda ake duba masu ciki da ita, ya shafa mini wani mai sanyi a ƙasan ƙashin ƙirji, daidai bakin ciki, ya danna kan na'urar yana karkata shi sama. Ya duba gefen dama, gefen hagu, da mara. Duka bai fi minti biyar ba. Ya ce yana neman jini ne da ya zuba a inda bai kamata ba, a cikin ciki ko a kewayen zuciya. Cikina lafiya. Kewayen zuciya kuwa ya ce akwai ɗan siririn layi na ruwa, kaɗan ne, amma ya rubuta.

Daga nan sai awon da suke kira isiji. An manna mini wayoyi goma, shida a ƙirji, huɗu a hannuwa da ƙafafu, aka ce kada in motsa, kada in yi magana. Na'urar ta fitar da wata takarda mai ruwan hoda da zane-zane kamar tsaunuka. Babu zafi ko kaɗan, manna wayoyin ya fi awon kansa ɗaukar lokaci. Likitan ya daɗe yana duban takardar, sannan ya kai wa babbansa. Suka dawo tare. Babban ya nuna mini da biro: nan ga bugun da ke zuwa kafin lokacinsa, shi ne tsallen da nake ji, nan kuma zanen ya yi faɗi, alamar saƙon lantarki da ke ratsa ɓangaren dama na zuciya yana jinkiri. Ya tambaye ni ko an taɓa yi mini wannan awon a baya, don wasu da hakan suke rayuwa ba su sani ba. Na ce ban taɓa ba. Ya ce to za su ɗauka sitiyari ne ya jawo har sai an tabbatar da akasin haka.

Sai gwajin jini. Sunan abin da ake nema tiroponin, wani sinadari ne da ke cikin naman zuciya, ba ya yawa a jini sai idan naman ya ji rauni ya tsiyayo shi. A nan ne na ɗan sha wahala, domin a ranar babu kayan gwajin a asibitin, sai ƙanwata ta ɗauki jinin a kwalba ta hau Keke zuwa wani ɗakin gwaji na kuɗi. Kuɗin kuwa ya ci, har na ce mata ko a bar shi tunda takarda ta riga ta nuna. Likitan ya ji ni. Ya ce gwaje-gwajen biyu tare suke tafiya. Idan isiji ya fito lafiya, tiroponin ma ya fito lafiya, to kusan an wanke zuciya, mutum na iya tafiya gida idan ba shi da wani raunin. Idan ɗaya ya nuna matsala, sai an kwantar an sa ido. Ya ƙara da cewa sinadarin ba ya tashi nan take, yakan ɗauki sa'o'i, shi ya sa wanda aka kawo da wuri ake sake ɗibar jininsa bayan kamar awa shida. Ni da na kwana a gida, nawa ya riga ya hau. Sakamakon ya dawo sama da ƙa'ida.

Hoton ƙirji ya nuna haƙarƙari biyu sun tsage, amma ƙashin tsakiya bai karye ba. Na ce to alhamdu lillahi, ashe da sauƙi. Babban likitan ya girgiza kai. Ya ce ƙashi ba ya ba da labarin zuciya: akwai wanda ƙashin ƙirjinsa zai karye zuciyarsa ƙalau, akwai wanda ƙashinsa ƙalau zuciyar ta daku. Abin da ya fi duba a hoton shi ne faɗin inuwar da ke tsakanin huhu biyu. Idan ta yi faɗi fiye da kima, ana tsoron babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya ta yage, domin tsayawar mota farat ɗaya tana fizgarta a daidai inda take ɗaure. Wannan shi ne mai kashe mutane tun a bakin titi. Ya kawo mini misalin Gimbiya Diana ta Ingila, wadda ta yi haɗari a birnin Faris a 1997: ba ta ɗaura bel ba, kuma abin da ya yi ajalinta yagewar wata jijiya ce da ke kawo jini daga huhu zuwa zuciya, jinin yana zuba a ciki. Tawa inuwar ba ta yi faɗi ba.

Da na ba shi labarin asfirin ɗin maƙwabcina, sai da ya ajiye biro. Ya ce ciwon zuciyar da ake ba asfirin dominsa toshewar jijiya ce, ana son jini ya tsinke ya wuce. Nawa kuwa nama ne ya daku yana tsiyaya, in ka tsinka jinin ka ƙara masa hanya.

An kwantar da ni kwana biyu da wayoyi a ƙirji, allo a saman kaina yana ƙara duk lokacin da bugun ya kauce. Ba a yi mini wani aiki ba, kallo kawai, da maganin ciwo, da tilasta mini jan numfashi mai zurfi duk da zafin haƙarƙari don kada huhu ya kamu. Sun ce rikicewar bugu mai hatsari ta fi zuwa a awa 24 zuwa 48 na farko, shi ya sa ake tsare mutum kusa da na'ura da wanda ya san abin yi. Rana ta biyu likitar zuciya ta yi mini sikanin na musamman da suke kira eko. Na ga zuciyata a allo tana buɗewa tana rufewa, abin da ban taɓa zaton zan gani ba ina raye. Ta nuna mini wani gefe da ba ya matsewa da ƙarfi kamar sauran, ta ce nan ne dukan ya sauka. Ta duba ƙofofin zuciya huɗu ɗaya bayan ɗaya, ta ce babu wadda ta yage. Ruwan nan na kewaye yana nan, bai ƙaru ba.

Ranar sallama likitar ta zaunar da ni da maiɗakina, kuma da maiɗakin nawa ta fi magana. Ta ce, "Hajiya, ke za ki riga shi gani." Ta lissafa mata: in numfashi ya fara yi masa wuya, in ya kasa kwanciya rigingine, in jiri na ɗibarsa idan ya miƙe, in ya yi gumi mai sanyi, in jijiyoyin wuyansa suka kumbura suka fito, kada a jira ranar da aka rubuta a kati. Ba ɗaukar kaya, ba tuƙi, a dawo bayan mako biyu a sake eko.

Kwana biyar na yi a gida na koma kasuwa. Dila ba na ɗauka, amma zaman shago a Kwari ba hutu ba ne, kowa ya sani. A rana ta takwas na lura ina haki idan na hau matakalar bene. Na ce ai jinya ce ta cinye ni. A ta tara na yi sallar Isha'i, da na yi sujada sai na ji kamar kaina zai fashe, da na ɗago kuma ƙasa ta juya. Daren nan filo uku na jera, daga ƙarshe a zaune na kwana, na sunkuya gaba, don a haka kawai nake samun iska. Ban tashi maiɗakina ba. Da safe ina zaune ina ƙoƙarin shan koko, ta tsaya tana kallona, sai ta ajiye faranti.

"Alhaji, juya wuyanka."

Ta ɗauko madubi ta ba ni. Jijiya ce kamar igiya, daga ƙashin wuya har kusa da kunne, ta cika tim alhali ina zaune a miƙe. Ba ta ƙara cewa komai ba, mayafinta ta ɗauka ta kira ƙanwata.

Wannan karon ba a bar ni kan benci ba. Awon jini 85 bisa 65, bugu 130, hannuwana sanyi ƙalau. Likitan ya sa abin sauraro ya ce sautin yana zuwa kamar daga nesa. Ya kira ɗaliban da ke zagaye da shi, ya nuna musu wuyana, ya ce ga alamomi uku da wani likitan tiyata Ba'amurke mai suna Bek ya bayyana a 1935: jini ya faɗi, jijiyoyin wuya sun kumbura, sautin zuciya ya dushe. Ya ce musu su kalla da kyau, domin ba kasafai ukun ke haɗuwa a mutum ɗaya ba, kuma wanda ya zubar da jini da yawa jijiyar wuyansa ba za ta kumbura ba ko da matsalar na nan. Ya sa ɗaya daga cikinsu ya riƙe hannuna, ya ce in ja numfashi. Yarinyar ta ce bugun yana raguwa idan na ja, yana dawowa idan na saki. Ya ce ita ma alama ce. Ina jinsu sama-sama, ni dai iska nake nema.

Sikanin ya nuna zuciyar tana lilo a cikin baƙin ruwa. Yadda aka yi mini bayani daga baya, zuciya tana cikin wata jaka mai tauri, kuma a ƙa'ida ruwan da ke tsakaninsu bai wuce cokali ɗaya zuwa uku ba, mililita 15 zuwa 50. Jakar ba ta buɗewa da sauri. Idan jini ya zubo farat ɗaya, abin da bai kai rabin ledar fiya wata ba ya isa ya shaƙe zuciya ta kasa cika, jinin da ke dawowa daga kai ya rasa wurin shiga ya taru a wuya. Idan kuwa a hankali yake taruwa, jakar tana ɗan saki, mutum ya yi kwanaki yana yawo, har ranar da ta ƙi ƙara saki. Nawa irin na biyun ne. Sun ce ko tsiyaya ce daga inda ya daku, ko jakar ce ta kumbura saboda raunin tana fitar da ruwa, ko duka biyun.

Ba a sa ni barci ba. An ɗaga kan gadon, aka wanke ƙasan ƙirjina da ruwan magani mai launin ƙasa, aka yi allurar kashe wurin. Likitar zuciyar nan ce, ɗaya na riƙe da kan sikanin, ita tana tura doguwar allura ta ƙarƙashin ƙashin ƙirji idonta na kan allo. Na ji nauyi, ban ji zafi sosai ba. Ina ta Hasbunallahu a zuci. Sai ta fara ja da sirinji. Kafin ta cika na uku na ji kamar an kwance mini ɗamara, iska ta shiga har ƙasa. Nas ta ce jini ya hau 100. Abin da aka zuƙe a zaman nan ya kusa mililita 400, ja-ja kamar zoɓon da aka surka. Aka bar siririn roba a wurin kwana biyu yana ɗiga cikin jaka, ana auna abin da ya fito safe da yamma, kuma likitocin tiyata suna leƙowa, don an gaya mini in ya ci gaba da zuwa da yawa sai an buɗe an yanka wa jakar taga. Ya tsaya da kansa.

Na yi mako guda a kwance, sannan eko bayan mako biyu, bayan wata ɗaya, bayan wata uku. A na ƙarshe gefen nan da ya yi lakwas ya dawo yana matsewa daidai da 'yan'uwansa, jinkirin da ke cikin takardar isiji ma ya ɓace. Likitar ta ce in dawo bayan shekara, ko kafin nan in ƙafafu suka kumbura ko haki ya dawo, domin raunin ƙofar zuciya wani lokaci sai an daɗe yake bayyana, jakar ma takan yi tauri daga baya.

Yaron shagona an cire masa zare tun a kwana na bakwai, tabon ma sai ka matso kake gani. Motar tana gareji a Ƙofar Ruwa, bakanike ya ce injin zai tashi amma gaban sai an sake. Da na je dubawa ya ciro sitiyarin ya miƙo mini, ya ce ko zan ajiye. Na juya shi a hannuna, ƙasan da'irar ya shige ciki kusan faɗin tafin hannu. Bel ɗin kuma yana nan yadda na bar shi, a maƙale ta bayan kujera.